Furar da Aka Dama da Iri

An yi wani mutum a wani ƙauye cikin ƙasar Kwaya, ya 'yan uwa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma rufa asirin ɗan uwa ibada ce. Sunayen da za ku ji na kira ma aro na yi musu. Kada wani ya tashi daga nan ya kama lissafa gidajen garinsu yana cewa ai wane ne.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Da za ku gan shi a sahun salla, da kun so ku tsaya kusa da shi. Na san shi, kuma ina ƙaunarsa har gobe. Shi ya sa labarin yake yi mini nauyi a baki.

Mahaifinsa, mu ce da shi Baba Wada, tsoho ne da idonsa ya tafi shekara bakwai. Ya daina zuwa gona, ya daina zuwa kasuwa, amma akwai aiki ɗaya da bai sakar wa kowa ba. Kowace kaka, in an kawo dammunan gero gida, kafin a zuba a rumbu, sai a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. A kwance masa dami, yana ɗaukar zangarniya ɗaya bayan ɗaya, yana shafa ta daga gindi har kai. Wadda ya ji ta cika ta matse, sai ya ajiye ta dama: iri ce. Saura kuma hagu, abinci.

Geron gidan nan daban ne. Gajere ne, yana nuna da wuri, kuma ko ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina ba ya barin mai shi hannu wofi. Kakan mutumin nan ne ya zo da shi. Sauran mutanen gari duk sun koma sabon iri na kasuwa, kuma ban zagi sabon iri ba, yana da nasa amfani. Gidan Baba Wada kaɗai ya riƙe na kaka da kakanni. Kowace shekara a shuka shi duka, a girbe, tsohon ya zaɓi na baɗi da hannunsa.

To, wata shekara mutumin nan ya dawo daga cin rani da waya irin mai shafawa. A cikinta akwai wani wasa. Masu furfura, ku saurara in kwatanta muku, don 'ya'yanku sun riga sun sani. Ana ba ka fili babu kowa, a ce ka kafa gari. Ka haƙa rijiya, ka share gona, ka gina rumbu, ka ja ganuwa, ka tara mayaƙa. Ka zaɓi suna da riga da matsayi, ka zama wani mutum a ciki. Can kuma a wasu ƙasashe akwai mutane masu rai kamarka, kowa da garinsa, wasu ku ƙulla amana, wasu su kawo maka hari.

Kuna jira in ce aikin Shaiɗan ne daga farko har ƙarshe, ko? Ba zan ce ba, domin ba a hawa wurin wa'azi a yi ƙarya. Wasan nan ya amfani mutumin nan, na gani da idona.

Ya koya masa hangen gaba. Ya koya masa cewa wanda ya tara mayaƙa bai gina rumbu ba, yunwa za ta cinye shi kafin abokan gaba su iso. Faransancin da ya baro a lakwal, wato makarantar boko, tun yana yaro ya dawo masa, har maƙwabta suna kawo masa takarda ya karanta musu. Da rani, lokacin da wasu suke zaune a majalisa suna cin naman mutane, shi yana gefe yana gina ganuwarsa, bakinsa a rufe. Kuma a garin nasu, da can in an kira gayya, mutum talatin ne suke afka wa gona ɗaya, rabi na noma rabi na hira. Shi ya ce a raba su uku, kowane kashi da jagoransa da mai kawo masa ruwa. A shekarar nan aka gama noman fari na unguwa duka ciyawa ba ta kai gwiwa ba. Da aka tambaye shi ina ya samo dabarar, ya yi dariya ya ɗaga waya.

Ni ma da nake muku magana, ya taɓa miƙo mini ita ya ce, “Malam, gwada.” Na haƙa rijiya biyu, na fara ta uku, sai na ɗaga kai na ga la'asar tana neman kuɓuce mini. Na mayar masa da abarsa na yi istigfari. Tun ranar na daina yi wa masu wasan nan kallon marasa hankali. Abin yana da daɗi, ya 'yan uwa.

To ina aibin yake?

Wasan nan ba shi da rani, ba shi da damina, ba shi da Juma'a. Ba ya ƙarewa. Ka shuka yanzu, kafin shayi ya tafasa ka girbe. Wanda zuciyarsa ta saba da irin wannan girbi, sai gonar Allah ta fara yi masa nawa. In aka ƙone maka rumbu a ciki, ka taɓa da yatsa, gobe ya tsaya sabo fil. A hankali sai mutum ya fara jin kamar duk abin da ya lalace a duniya haka ake sake shi.

Sannan akwai abin da ya fi kama mutumin nan, kuma shi ne ya fi ba ni tausayi. A ƙauye shi ɗan Wada ne kawai, mai jaki ɗaya da amalanke. A cikin wasa kuwa mutum arba'in ne suka naɗa shi shugabansu, daga Agadas, daga Kano, daga garuruwan da bai san inda suke ba. Ba sa motsi sai ya ce. Wa ba ya son a saurare shi? Sai ya zamana yana jin kunyar mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba fiye da kunyar waɗanda suke cin tuwo tare.

Daminar da nake ba ku labari ta yi kyau. Gero ya yi, aka girbe, aka ɗaure, aka tara dammuna a gonarsu ta nesa, wadda take bakin burtali, hanyar da shanu suke bi. Saura a kwaso. Amma jinkar rumbu ta lalace, sai an gyara kafin a zuba. Ya ce gobe. Gobe ta zo, ya ce bayan kasuwa. Maƙwabta suka kwashe nasu, suka kwashe wake, suka cire gyaɗa, nasa yana can a jibge. Gidan yana cin 'yar dawa da waken da matarsa Saliha ta samu a gayaunarta.

Kun san tsarin ƙasarmu. In kaka ta ja, hukuma da sarakuna sukan zauna su sa ranar sakin gonaki. Kafin ranar, dabbar da ta shiga gona ta yi ɓarna, mai ita ya yi laifi. Daga ranar kuwa gona ta zama makiyaya, karan da ke cikinta na shanu ne, wanda ya bar amfaninsa a can shi ya jiyo. Aka sa rana, Laraba. Aka faɗa a rediyo, mai shela ya zaga gari da ita.

Akwai wani Bafulatani, mu ce da shi Labbo, mai shanu kuma mai 'yar gonarsa, abokin Baba Wada na shekara talatin. Kowace shekara shanunsa ne suke cin karan gonar nan su bar mata taki. Saura kwana biyar ya zo har ƙofar gida, ya tarar da mutumin nan kansa a sunkuye.

Ya ce, “Ɗan Wada, geronka yana can fa. Laraba ta ƙarato.”

Ya ce, “Na sani, Baba Labbo. Jibi in sha Allahu.”

Labbo ya ce, “Ni nawa zan iya riƙe su. Na mutane fa? Garkuna suna gangarowa daga arewa, ba su san ka ba, ba su san Wada ba.”

Ya ce, “Jibi.” Bai ko ɗago ba.

Me ya hana jibin? Yaƙi ne ya taso a cikin wasa, babba, na kwana uku, kuma ranar farawarsa ita ce Laraba. Kwanakin da suka rage ya ƙarar da su wajen shiri. Rezon waya a ƙauyensu ba shi da ƙarfin da zai ɗauki wasan, sai ya riƙa hawa kabu-kabu da sassafe zuwa Dungas, ya zauna a rumfar mai sharjin waya har rana ta yi sanyi. A ransa yana cewa kwana uku ne kawai, kuma ai Labbo yana nan.

Labbo kuwa yana nan ɗin. Dattijon nan ya tsaya da sandarsa a bakin gonar da ba tasa ba, Laraba da Alhamis, yana roƙon masu garke su kauce, suna kaucewa don girman furfurarsa. Ranar Juma'a shanunsa suka kai maƙura da ƙishi, dole ya kai su rijiya mai nisa. Da hantsi wani garke mai yawa ya gangaro ta burtali. Makiyayan baƙi ne, abin da suka sani kawai an saki gonaki. Ba su yi laifi ba, ku riƙe wannan. Kafin a sauko daga masallaci babu dami ɗaya da ya rage a ɗaure.

Shi kuwa a ranar ya ci yaƙinsa. Ko ƙwaya ɗaya abokan gaba ba su taɓa a rumbunan garinsa ba. Saƙonnin yabo suna ta shigowa, ya hau kabu-kabu yana murmushi. A bakin gari ya tarar da Labbo zaune a ƙasa, sanda a kan gwiwa. Labbo bai yi masa faɗa ba. Cewa ya yi, “Je ka gani, ɗana.”

Ya je ya gani. Ya dudduba ko'ina, babu inda zai taɓa da yatsa abin ya dawo. Ya je wurin mai gari, mai gari ya ce, “An yi shela ko ba a yi ba?” Ya ce an yi. Magana ta ƙare.

Ya 'yan uwa, da a nan labarin ya tsaya, da asara ce irin wadda ake tashi daga cikinta. Shekara ɗaya ce, kuma dangi ba sa barin nasu. Allah ma ya bar masa ƙofa. Saliha, baiwar Allah, ta ɗauki rariya da faifai ta tafi gonar nan kwana shida a jere, tana tankaɗe yashin wurin da aka jibge dammuna, tana tsince gero daga cikin sawun kofato, in ta dawo gida ta ƙara sheƙe shi. Ta samu rabin tiya, rabin kwanon awo ke nan. Ta ƙulle a tsumma, ta sa a tukunya ta rufe.

Amma gafala in ta shiga gida, takan buɗe wa ƙarya ƙofa. Kowace safiya Baba Wada yakan ce, “Yaushe za a shimfiɗa mini tabarma?” Mutumin nan ya kasa duban fuskar makaho ya faɗi gaskiya. Ya ce, “Baba, an kawo, an zuba a rumbu. Bana mun yi sauri ne saboda shanu. In an kwana biyu zan fito maka da shi ka zaɓa.”

Tsohon ya ce, “To.”

Wannan “to” ta hana mutumin nan sakat. Sai ya tuna wata dabara da ya sha cin nasara da ita a wasa: in garinka ya yi fayau, ka jera 'yan mayaƙan da suka rage a kan ganuwa, mai kallo daga waje ya ɗauka ciki cike yake. Kun ji fa. Dabarar da ake yi wa abokin gaba ita ya ɗauko zai yi wa mahaifinsa.

Ya ce wa Saliha ta daka geron nan ta yi wa Baba fura, in ya ji ɗanɗanon sabon gero hankalinsa zai kwanta.

Ta ce, “Malam, shi kenan fa abin da ya rage. A shuka shi a bayan gida, baɗi ya ba da na gona.”

Ya ce, “Rabin tiya me zai yi? Yi abin da na ce.”

Ta ce, “Ka faɗa wa Baba gaskiya mana. Ubanka ne.”

Ya ce, “So kike baƙin ciki ya kashe shi?”

Ta daka tana hawaye. Ta surfa, ta wanke, ta cuɗa. Aka dama da nonon da Labbo ya aiko, aka kai wa tsohon a gindin darbejiya bayan azahar, ɗansa ya durƙusa a gabansa ya miƙa masa ƙwarya.

Baba Wada ya ɗebi ludayi ɗaya ya kai baki. Ya riƙe a bakinsa jim kaɗan kafin ya haɗiye. Sai ya ce, “Wanda Saliha ta tsinto ne?”

Mutumin nan ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ce, “Idona ne ya tafi, ɗana, kunnena yana nan. Ban ji amalanke ya shigo gidan nan ba. Labbo ya zo gaishe ni ya zauna ya kasa magana. Na ji yarinyar nan tana sheƙe yashi a faifai. Kwana goma sha tara ke nan ina jira ka faɗa mini da bakinka, in ce maka ba komai, a ɓoye ɗan abin da aka tsinto.” Sannan ya ce, “Duka kuka daka?”

Ya ce, “Duka, Baba.”

Wallahi, ya 'yan uwa, da tsohon nan ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Bai zage shi ba. Ya shafa bakin ƙwaryar da tafin hannunsa kamar yadda yake shafa zangarniya. Sannan ya ce, “To, matso mu sha, kada ya lalace. Ki zo ke ma, Saliha, ke kika wahala. Ku kira yara. Ku sha a hankali, ku riƙe ɗanɗanonsa a bakinku, don daga yau babu inda za a sake samunsa.”

Suka zagaye ƙwarya, ludayi yana zagawa. Mutumin nan yana sha yana kuka kamar ƙaramin yaro, mahaifinsa ya ɗora masa hannu a ka. Da ƙwarya ta ƙare, tsohon ya ce alhamdu lillahi.

Baba Wada bai ga daminar da ta biyo ba. Ya yafe wa ɗansa kafin ya cika, a gaban shaidu, ina cikinsu. Saliha ta kwashi yara suka je suka yi bazara a gidan iyayenta a Sassumbrum, don babu abin ci a gidan, shi kuma ya tafi neman aikin ƙarfi Damagaram. Ya ce mini sau ɗaya ya sake buɗe wasan. Ya tarar an ƙone garinsa ƙurmus, mutanen nan arba'in sun naɗa wani. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya rubuto yana tambaya ko lafiya.

Yanzu sun koma gida, yana shuka irin kasuwa kamar kowa, kuma ba ya wasa da gonarsa. Amma kowace kaka yakan shimfiɗa tabarmar nan a gindin darbejiya, ya kwance dami, ya rufe ido yana shafa zangarniya. Ya ce mini, “Malam, ban san wadda ake ajiyewa dama ba. Shekarun da ya kamata in zauna kusa da shi in koya, hannuna yana kan waya.”

To, ya 'yan uwa, me za mu ɗauka mu tafi da shi?

Ban ce ku fasa wayoyinku ba. Wasan da ya koya wa mutum tsari da haƙuri da haɗa kan jama'a, ya ba shi abu mai kyau. Amma ka tambayi kanka: wa yake kiran wani? In kai kake ɗaukar wasa ka ajiye lokacin da ka so, hutu ne, Allah ya sa albarka. In shi yake sa maka rana, har ranarsa ta ture ranar gonarka da lokacin sallarka, to ka zama bawansa, ko da sarki suke kiran ka a ciki.

Kuma ka duba gidanka. Akwai wani tsoho ko wata tsohuwa da ke riƙe da abin da babu shi a ko'ina sai a hannunsu? Je ka zauna kusa da su yau. Ganuwar cikin waya in ta rushe gobe za ta tashi, su kuwa in sun tafi sun tafi.

In kuma ka riga ka yi sakaci, kada ka rufe shi da ƙarya. Shanu sun ci gonar mutumin nan, amma sun bar masa rabin tiya. Shi da kansa ya sa aka daka ta.

Ya Allah, ka jiƙan Baba Wada, ka sanyaya zuciyar ɗansa, ka saka wa Saliha da Labbo da alheri. Ka tashe mu daga gafala tun dammunanmu suna a ɗaure. Ka ba mu ƙarfin faɗa wa iyayenmu gaskiya tun suna jin mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.